Mayar da Wule Saman Mambila

Limawa, Dutse

Zuwa ga Adda Hindatu a Nguroje,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya kuma wannan sanyin naku da ke sa mutum alwala yana kuka? Ki durƙusa ki gaishe min da Baffa Mika'ilu. Mu nan lafiya lau. Inna tana Taura, ƙafar ce dai take ɗan damunta, amma bakin yana nan daram. Matata Safina tana gaishe ki.

Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Mahaifinki ne ya taɓa cewa ba a maganar saniya a waya, shi ya sa na rubuta na ba direban da ke kai min dabino Jalingo, shi kuma zai miƙa wa motar Gembu. Ki karanta wa Baffa da ƙarfi.

Albishirinku! Wule, saniyar Baffa, ta yaye maraƙinta na uku.

Adda, ke kina makarantar jinya lokacin da ambaliya ta cinye mana garke a Taura, ba ki ga fuskar Abba ba. Ni na gani. Mutumin da ya tashi cikin shanu ya wayi gari ba shi da ko igiya mai amfani. Ana haka Baffa ya ɗora karsanarsa mai farin goshi a motar shanu ya aiko da ita habbanaye: ta zauna wurinmu ta haifa mana uku, 'ya'yan namu, sannan uwar ta koma gida. Abba bai ga na ukun ba, Allah Ya jiƙansa. Amma ya gaya min a gaban Inna cewa kada a aika Wule a hannun wani, ɗan gidan ne zai kai ta har gaban mai ita.

Ga kuma ƙari: tana da ciki, ya fara nauyi. Wannan na huɗun na Baffa ne, dole ya faɗo a ƙasarsa. Don haka ba zama, bayan ƙaramar salla zan taso, kafin damina ta ɓata muku hanya.

Kada ki tambaye ni da me. Na sa mai walda ya ƙera min 'yar tirela mai ƙafa biyu, da rumfa da ƙofar baya, zan ɗaura ta a bayan akori-kurata. Adda, in kin gan ta sai kin yi guɗa. Shuɗin fenti na sa aka yi mata. Tun da aka kawo ta ƙofar gida mutanen unguwa ke zuwa kallo, ni kuwa ko abinci na kasa ci don murna. Safina ta ce ƙafarta ƙafata, tunda ita ma tana tuƙi.

Ki rubuto min yadda hanyar take, duk da dai na san ba abin da za ki gaya wa mutumin da ya girma a gindin duwatsu.

Ƙanenki kuma ubangidanki,
Nasrullahi

*

Nguroje

Zuwa ga Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarka, muna lafiya, Baffa ma da sauƙi, tarin ya lafa. A gaida Inna da kyau, a ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Safina kuma ina yi mata jajen miji.

Ubangidan wa? Kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma kowa ya san wace ce babba. Ka gyara bakinka.

Na karanta wa Baffa, ya sa na maimaita. Da na zo wurin maganar Abbanku sai ya juya fuska ya ce hayaƙin murhu ne ya shiga idonsa, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Yanzu duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji cewa Wule za ta dawo. Har ya sa an gyara mata turke. Ka ga kuwa ba ka da damar kunyata mu.

To, saurara, mai duwatsu. Duwatsunku na Dutse kewaye su kuke yi, ba wanda ya taɓa hawansu da mota. Namu hawa ake yi. Daga Jalingo zuwa Bali zuwa Serti ba ka da matsala sai ramuka. Amma kana wuce Mayo Selbe hanya za ta ɗaga kai sama, tana lanƙwashewa kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Ina bin ta da motar asibiti in mun kai mara lafiya, kuma ban taɓa wucewa ban ga wata mota a gefe da bonet a buɗe tana tururi kamar tukunyar dambu ba. In taka ta yi haka da tsakar rana, kai za ka sami inuwa, amma saniya mai ciki a cikin akwatin ƙarfe ba za ta daɗe ba. Wannan ne yake hana ni sukuni.

Ka kai motar gareji a wanke lagireto ciki da waje. A sake murfinsa, a duba tiyo da fambel, a juye baƙin mai. A zuba ruwan lagireto na gaske mai launi, ba ruwan rijiyar Limawa ba.

Ka kwana a Serti, ka fara hawa da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Ka manta da babbar giya, na san halinku na son tsimin mai. Giya ta biyu, in ta ƙi ka koma ta ɗaya, ka bar injin ya yi ta kukansa, hakan ya fi masa sauƙi. Idonka a kan allurar zafi. In ta fara hawa, kashe na'urar sanyi, sauke gilasai, ka kunna hitar ɗumama mota har ƙarshe, tana janye zafi daga injin. In ta ƙi sauka ka sami wuri ka tsaya, amma kada ka kashe motar nan take, bar ta tana aiki a hankali. Kuma don Allah kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Na yi jinyar fuskokin da suka yi haka.

Ka ɗauko jarkokin ruwa, ƙoramun gefen hanya duk a bushe suke yanzu. Abu na ƙarshe, kada ka cika wa tirelar kaya, Wule kaɗai ta isa.

Ni ma fa murna nake, kada ka ga ina faɗa. Rabona da kai tun kana yawo da majina.

Addarka,
Hindatu

*

Limawa, Dutse

Adda Hindatu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Inna ta ce ta gode, amma matashi na kai ne ba na ƙafa ba. A gaida Baffa.

Takardarki ta iso, na karanta ta a shago har maƙwabcina ya tambaye ni ko sammaci aka aiko min. Duk abin da kika lissafa na yi. Motar ta wuni a gareji, an wanke lagireto, abin da ya fito daga cikinsa kamar kunun kanwa. An sa sabon murfi da sabon fambel, an zuba koren ruwan nan. Bakanike ya ce yanzu ko Makka zan iya zuwa da ita.

Na kuma gwada ta. Na loda buhunan yashi a tirela daidai nauyin Wule, na ja har Taura, na zarce Garki na dawo, da rana tsaka. Adda, allurar ko motsi ba ta yi ba! Ina tafe ina waƙa, Safina tana cewa in rufa mata asiri.

Maganar hita kuwa, da na faɗa a majalisa sai da wani ya faɗo daga benci don dariya. Hita a Jigawa? Tun da na sayi motar ban taɓa sanin inda maɓallinta yake ba. Amma na gano shi, mai jan zane, in buƙata ta taso zan murɗa.

Kin ce kada a cika wa tirela kaya, na bi umarni, ko tsinke ba zai shiga ba sai ciyawar da za ta kwanta a kai. Sai dai kin san Inna. Ta ce ba a mayar da habbanaye hannu sake, abin kunya ne a ce saniya ta yi shekaru a gidanka ta koma ba tukwici. Ta tara buhun gero, da na dabino, da kanwar shanu, da manja, da tulunan Safina. Duk na shirya su a bayan akori-kura har sun fi rufin tsawo. Manyan tabarmin kaba guda biyu da ta sa aka saƙa wa Baffa ne suka rasa wuri, sai muka shimfiɗa su a gaban motar muka ɗaure a jikin ƙarfen, daga fitila zuwa fitila. Kin ga kyau? Kamar motar kai amarya.

Jibi za mu ɗauko Wule daga Taura, mu bi ta Gombe da Numan, muna tsayawa tana hutawa. Ki ce wa Baffa ya fito da babbar rigarsa. Ke kuma ki tanadi shayin nan naku da ake ta yi mana gori da shi.

Nasrullahi

*

Nguroje

Nasrullahi,

Sallama. Muna lafiya. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, mai babur yana jirana a waje, an tura mu rigakafi ƙauyukan bakin iyaka kuma ban san ranar dawowa ba.

Yanzu takardarka ta iso, ta yi kwanaki a tashar Jalingo. Na kira wayarka ta ƙi shiga, na kira ta Safina haka. Ina rubuta wannan ko Allah zai sa wani abu ya tsayar da ku a gida.

Ka cire tabarmin nan daga gaban motar! Ta nan take shan iska. Ka toshe mata hanci ka ce ta yi kyau? Kuma da na ce kada ka cika wa tirela kaya, cewa na yi ka bar kayan a gida, ba ka sauya musu wuri ba. Injin ɗaya ne zai ja su duka, wawan Allah. Hanyar Garki kuma da kake taƙama da ita, ai ko ƙwai ka ajiye a kanta ba zai gangara ba.

Ka kunna hitar nan tun a gida ka sa hannu ka ji ko zafi na fitowa.

Ban gaya wa Baffa komai ba. Kullum da hantsi sai ya sa a kai shi bakin hanya, inda hawan ya ƙare, ya zauna wurin masu shayi yana kallon motocin da ke tahowa. Allah Ya kawo ku lafiya.

Hindatu

*

Limawa, Dutse

Adda Hindatu,

Assalamu alaikum. Mun dawo gida lafiya, da fatan ke ma kin dawo daga rigakafin lafiya. Inna tana gaishe ku. Mun jira ki har muka gaji, shago ya sa dole muka juyo. Takardarki ta ƙarshe kuwa a ƙarƙashin ƙofar shago na tsince ta bayan mun dawo. Na karanta ina dariya, Safina ta ce ba abin dariya ba ne.

Na san Baffa ya ba ki nasa labarin. Wannan kada ki karanta masa, naki ne ke kaɗai.

Har Serti lafiya lau muka je. Wule ta yi halin girma, in mun tsaya ta sauko ta ci ta sha ta koma. A Serti muka sauka gidan wani abokin Abba. Na ce da asuba za mu wuce, ya ce wallahi ba ɗan Abba da zai bar gidansa bai karya ba. Aka dama fura, aka yanka kaza, aka kira maƙwabta su ga saniyar. Kafin mu yi sallama rana ta take. Saboda sauri na wuce Mayo Selbe ban cika jarkoki ba, saura guda ɗaya tak da ruwa.

Sai ga hawan. Adda, na tuba. Na ɗaga kai na ga hanya tana nannaɗe a jikin dutse har cikin gajimare, na ce wa Safina, "Nan za mu bi?" Ta ce, "A'a, Garki za mu." Na sa giya ta biyu, muka fara. Daɗi ya kama ni, ina ta ihu ina nuna mata ƙasa, bishiyoyi sun koma kamar shukar gero. Ita ce ta taɓa ni ta ce, "Malam, dubi allurarka."

Ta wuce rabi. Na kashe na'urar sanyi, na koma giya ta ɗaya, na murɗa maɓallin nan mai jan zane har ƙarshe. Iska mai sanyi ta busa min a fuska! Ashe tun kafin in sayi motar wani bakanike ya yanke tiyon hitar ya toshe, don a ganinsa wa zai nemi zafi a ƙasarmu. Allura ta ci gaba da tafiya har ta taɓa ja. Da ƙyar na sami wani ɗan fili a kwana na raɓe, na bar ta tana aiki kamar yadda kika ce, Safina ta sa duwatsu a bayan tayoyi. Ina zagayowa gaba na ga tabarmin Inna sun manne a jikin ragar gaban lagireto kamar an liƙa da ƙaro. Ban san lokacin da na fizge su ba. Amma an makara, ruwan ya riga ya yi amai ta ƙasa, kore shar a kan kwalta. Dole na kashe ta.

Sai na ji numfashin Wule. Na buɗe ƙofar baya, zafin da ya fito kamar gidan burodi. Ta sunkuyar da kai, harshe waje, kumfa a baki, cikin nan yana hawa yana sauka. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na tuna Abba, na tuna Baffa a zaune yana jira.

Jarka ɗaya ce. In na jira injin ya huce na zuba masa, wataƙila mu ƙarasa, wataƙila ya sake tafasa a kwana ta gaba, ita kuma tana ciki tana dahuwa. Safina ta dube ni, na dube ta. Na sauko da Wule, na juye ruwan a bahon wanki, ta shanye, ragowar na shafa mata a wuya da ciki. Da ta ɗan dawo hayyacinta na kama igiya na ce wa Safina, "Ki zauna da motar, duk wanda ya zo saukowa ki roƙe shi ruwa. In ta huce ki zuba, ki taho a giya ta ɗaya." Ta ce, "Kai fa?" Na ce, "Mu mun yi gaba."

Haka muka kama hawa a ƙasa, ni da ita. Da farko ni nake janta, muna tafiya muna tsayawa a inuwar dutse. Can sama iska ta sauya, ta yi sanyi, tana ƙanshin ɗanyar ciyawa. Wule ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta yi wani kuka mai tsawo, sai ta wuce ni. Daga nan ita take jana. Adda, rabona da bin saniya tun ina firamare, ga tumbin zaman shago, ga takalmin zuwa biki. Maƙogwarona ya bushe har ba na iya haɗiyar yawu. Masu motoci suna wucewa suna min hon, wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, wa ke kiwon wani?" Ina haki ina dariya ina hawaye, duk a haɗe.

La'asar ta yi sanyi muka ɓullo saman. Ban gan shi ba, ita ce ta gan shi. Wani tsoho da babbar riga da bargo a kafaɗa ya miƙe daga bencin mai shayi, ya kira ta da irin kiran da Abba yake yi. Ta fizge igiyar daga hannuna ta tafi ta sa goshi a ƙirjinsa.

Ya daɗe yana shafa ta. Sannan ya dube ni ya ce wa mutanen wurin, "Ku ga ɗan ɗan'uwana. Ya sauka daga mota ya kawo min ita a ƙafa, yadda iyayenmu suke yi. Na ɗauka masu wannan ladabin sun ƙare." Ya rungume ni yana kuka. Ni kuwa na bar shi a kan haka, ban gyara masa zancen ba. Safina ta iso bayan magariba, wani mai lodin ayaba ne ya ba ta ruwa.

Abin yana damuna, Adda. Yabon da ya yi min ba nawa ba ne, mota ce ta tafasa saboda wautata. In rubuto masa gaskiya, ko in bar tsoho da farin cikinsa? Abin da kika ce shi zan yi. Kuma ya jikin Wule? Ina tsoron wahalar nan ta taɓa cikin.

Ƙanenki,
Nasrullahi

*

Nguroje

Ƙanena Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Na dawo lafiya, sai ciwon baya na babur. Baffa lafiya, har ya fi ni ƙarfi yanzu. A gaida Inna, a ce tabarmi sun iso, ɗaya ta ɗan ƙone a gefe amma a kanta yake salla. Safina kuwa ki ji da kyau, ke ce direban gidan nan, wancan yaron mota ne.

Bari in fara da abin da kake jira. Wule ta haihu ranar Laraba da hantsi, mace, ja mai farin goshi kamar uwarta. Ta miƙe ta kama nono kafin in gama wanke hannu. Ni na yi guɗar da kaina har maƙwabta suka fito!

Ka ce kada in karanta masa. Ka yi haƙuri, ya ga takardar a hannuna ya ce ta wane ne, kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Na karanta masa duka, har da takalmin bikin. Ya yi dariya har tarin ya taso.

Da ya huta sai ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa. Ya ce shi ba yaro ba ne. Tun kafin ku iso wani direba ya gaya wa masu shayi cewa ga wata shuɗiyar tirela can ƙasa ta tafasa, da mace a zaune a kan bonet. Ya san ba don ladabi ka sauka ba, ya faɗi haka ne don kada 'yan tasha su yi maka dariya. Amma kukan na gaske ne. Ya ce da Wule ta sa kai a ƙirjinsa ya taɓa hancinta ya ji shi da laima, gashin wuyanta ya ji alamar an jiƙa shi. Ya ɗago ya dubi bakinka ya ga leɓenka ya tsage har da jini. A nan ya gane wa aka ba ruwan.

Ya ce in gaya maka Abbanku ya sauke nauyinsa, kai ma ka sauke naka. Ni ma da na zo nan a karatun sai da na tsaya na share ido, kuma ba na jin kunyar faɗa maka.

Ka kai motar a haɗa tiyon hitar nan, ka sa man kaɗanya a leɓen.

Addarka,
Hindatu